Yadda za ka gane kalmar nitpicking, ka yi aiki da ita, kuma kar a liƙa maka ita

Duk wanda ke aiki a nan arewacin Kamaru da mutanen Bamenda ko Buya masu jin Ingilishi, ko yake cikin ƙungiyoyin agajin nan da suka yawaita a Marwa da Mokolo tun da aka buɗe sansanin ƴan gudun hijira na Minawawo a 2013, ko kuwa yana harka da ƴan'uwanmu na Yola da Mubi da Maiduguri ta WhatsApp, toh wata rana sai ya ci karo da kalmar Ingilishin nan nitpicking. Yawancinmu da Faransanci muka yi lakwal, wato makaranta, Turancin Ingilishi awa kaɗan ne a sati, shi ya sa idan irin wannan kalma ta faɗo cikin saƙo sai mutum ya ruga Google, Google ya ce masa pinailler, ya dawo bai ƙaru da komai ba. Wani ya ɗauka yabonsa aka yi wai yana da lura, har ya tura godiya, wani kuma ya ɗauka zagin iyaye ne ya ɗau fushi. Duka biyun ba daidai ba ne, kuma abun yana damuna sosai saboda zumuncin wurin aiki yana lalacewa a kan abun da minti goma ya isa a fahimce shi.

Fara da furta ta. Nit-pik, gajere gajere, ƙarfin murya a kan gaɓar farko. Mu da bakinmu ya saba da Faransanci mun iya jan wasalin i, sai mu ce niit, kaga kenan ta koma wata kalma daban, neat, mai nufin tsaf-tsaf. Ka faɗe ta da sauri kamar yadda kake faɗin farkon "nitso", kar ka ja.

Sai ka raba ta biyu, daga nan ma'anar za ta zauna maka har abada. Pick shine tsinta ko tsincewa. Nit kuwa ƙwan ƙwarƙwata ne, ba ita ƙwarƙwatar ba, ƙwan nata, ɗan mitsitsin abun nan da bai kai milimita 1 ba wanda take mannawa a jikin gashi dab da fatar kai, yana manne ƙam wanka baya cire shi, bayan kamar kwana 8 zuwa 9 ya ƙyanƙyashe. Duk wadda ta taɓa zaunar da yarinya tsakanin ƙafafunta bayan tsifa tana bin gashin sili-sili da farce ta san irin aikin, ido a kusa, wuya ya ƙage, ba ka ganin komai a duniya sai silin gashin da ke hannunka. Kalmar nit ɗin tsohuwa ce ƙwarai a Ingilishi, amma haɗa su biyun a nufi mutum mai neman ƙananan kurakurai, wannan a Amurka ya bayyana cikin shekarun 1950, daga baya ya bazu ko'ina. Kuma abun sha'awa Faransawa ma da ƙwarƙwatar suka yi tasu maganar, chercher des poux dans la tête, wato neman ƙwarƙwata a kan mutum, wanda duk ɗan lise, wato sakandare, ya taɓa jin ta, ga kuma chercher la petite bête. In ka san waɗannan ka riga ka san rabin abun.

Ɗaya rabin shine wanda mutane ke kuskurewa, dan Allah a nan ka nutsu. Idan Bature ya ce kana nitpicking, ba cewa ya yi ka yi ƙarya ba. Sau da yawa ma gyaran naka daidai ne ɗari bisa ɗari, akwai kuskuren, kowa zai iya gani in an nuna masa. Abun da yake tuhumarka da shi shine ka ba ƙaramin abu nauyin da bai kai ba, ka tsaida mutane a kansa, alhali ga babban abu can yana jira ba wanda ya taɓa shi, an bar jaki ana dukan taiki. Saboda haka amsa irin ta "amma ai gaskiya na faɗa, duba shafi na 4 ka gani" bata wanke ka, ƙara tabbatar masa da maganarsa take yi. Kalmar ƙorafi ce, tana da ɗan zafi, amma bata kai zagi ba, abokan aiki suna faɗa wa juna, miji da mata ma suna faɗa wa juna.

Da Hausa fa, me za ka ce? Ni a wurina ƙaƙale ita ce ta fi kusa, mai ƙaƙale shine wanda baya barin abu ya wuce sai ya ƙwaƙulo wani ɗan abu ya tsaya a kai. Amma ba kullum ita kaɗai za ta ɗauke ka ba, musamman in kai ne tafinta a taro, misali kana tsakanin wani jami'i mai jin Ingilishi da dattawan unguwa, dole ka dubi niyyar mai magana kafin ka zaɓa. In yana nufin mutumin ya sa ido ne don ya samo laifi ko ta halin ƙaƙa, ka ce neman aibu. In nufinsa mutumin ya cika maimaita ƙananan ƙorafe-ƙorafe har ya gundiri kowa, ka ce mita. In kuma yana gyaran ne don a san ya fi kowa sani, wannan iyayi ne. Abun da zan roƙe ka shine kar ka fassara ta da bin diddigi ko tsantseni, waɗannan kalmomin yabo ne a wurinmu, mai bin diddigi ana nemansa, in ka sa su ka juyar da maganar gaba ɗaya, dattijo zai ji kamar an yaba masa alhali cewa aka yi ya sassauta. Bin ƙwaƙƙwafi tana tsakiya, tana iya zama yabo tana iya zama suka, sai ka kula da yadda ka faɗe ta. Kushe kuma ta yi nauyi da yawa, mai kushe gaba ɗaya aikin yake rushewa, shi kuwa mai nitpicking ɗan gefe-gefe yake tsakura.

Kuma mu wannan hali ba baƙo ba ne a karatunmu. Duk wanda ya zauna tafsirin azumi ya ji labarin Banu Isra'ila da saniya a Suratul Baƙara, daga aya ta 67 zuwa ta 71, an ce musu ku yanka saniya, maimakon su kama wadda ke kusa sai suka shiga tambaya, shekarunta fa, launinta fa, wace iri ce takamaimai, kowace tambaya tana ƙara ƙuntata musu, malaman tafsiri suka ce da tun farko sun yanka kowace saniya da ta isar musu. In kana neman yadda za ka bayyana wa wani dattijo halin a taƙaice, ambaton wannan labari ya fi dogon sharhi.

Yanzu yadda ake juya kalmar. Aikatau ɗin shine nitpick, in ya wuce a ce nitpicked, sunan aikin ko halin nitpicking, mutumin da ke yi nitpicker, in kuma siffanta shi za ka yi ko siffanta gyaran nasa sai ka ce nitpicky. Wasu suna sa ɗan layi a tsakiya su rubuta nit-picking, duk ɗaya ne. Jimlolin da za ka fi haɗuwa da su ba su da yawa. "Stop nitpicking" shine daina ƙaƙale, kai tsaye ne, akwai gajiya a ciki. "I don't want to nitpick, but..." wannan ita ce ta ladabi, mai magana yana share fage ne, yana cewa ba ƙaƙale nake so in yi ba amma ga wani ɗan abu, in ka ji ta ka san ƙaramin gyara na tafe kuma ba faɗa ba ne. "Just a nitpick" kuwa mutum ne ke sanya wa gyaran kansa suna, yana gaya maka abun ƙarami ne, in ka gyara madalla in baka gyara ba babu damuwa. Masu rubuta manhajar kwamfuta har sun gajarce ta, idan suna duba aikin juna sai su rubuta nit: a farkon sharhi, ma'ana wannan ba zai hana a karɓi aikin ba. Ƙannenmu da ke karatun kwamfuta a jami'ar Ngaundare ko ta Marwa, in kun fara aiki da mutanen waje ta intanet za ku ganta kusan kullum, kar gabanku ya faɗi.

Tana da ƴan'uwa da ya kamata ka iya rarrabewa. Pedantic ita ce ta mai riƙe ƙa'ida ƙam, irin wanda zai katse ka a tsakiyar labari don ka yi kuskuren nahawu, tana kama da pédant na Faransanci amma na Faransancin ya fi karkata ga mai nuna ilimi, na Ingilishin kuma ga mai tsananta ƙa'ida. Quibble gardama ce a kan ɗan abu, sau da yawa don a kauce wa ainihin maganar. Splitting hairs daidai take da couper les cheveux en quatre, rarrabe abubuwa biyu da bambancinsu bai taka kara ya karya ba. Fussy da picky na mai tsirfa ne, wanda abinci ko tufa baya burge shi da sauƙi. Wadda ke yabo a cikinsu ita ce meticulous, kamar dai méticuleux, in an rubuta maka ita a takardar shaidar aiki ka yi murna, in kuma kai ne ke rubuta CV wannan za ka sa, kar ka kuskura ka rubuta wai kai nitpicker ne kana nufin kana da lura.

Toh ga inda aikin yake. Sanin ma'ana abu ne mai sauƙi, wahalar ita ce ka iya gane wane ƙaramin abu ne ƙaƙale, wane ne kuma ƙarami a ido amma babba a sakamako, domin wallahi akwai ƙananan abubuwan da ke kashe wa mutum shekara guda. Ni hanyar da nake bi tambaya ɗaya ce, in aka bar abun nan yadda yake, me zai faru, kuma wa zai cutu? In amsar ita ce babu komai sai dai idona bai ji daɗi ba, toh ƙaƙale ne, ka haɗiye shi ko ka faɗa a hankali daga baya. In amsar ita ce kuɗi zai ɓata, ko a mayar da takarda, ko wani ya sha magani ba daidai ba, toh ka faɗa da babbar murya ko da duk ɗakin zai kira ka nitpicker.

Ɗauki sunayenmu. Mu nan Kamaru da Cadi an rubuta mana suna da bakin Faransa, Usman ya zama Ousmanou ko Ousman ko Ousmane, Abubakar ya zama Aboubakar ko Aboubakary ko Boubakari, Muhammadu ya zama Mohamadou a Garwa, ka tsallaka gadar Ngeli daga Kusiri zuwa Njamena ya zama Mahamat, A'isha kuma Aïssatou ko Aïcha ko Aché. A hira duk ɗaya ne, wanda ya tsaya gyara maka wannan a gidan suna yana ƙaƙale ne kawai. Amma a dosiye, wato tarin takardun da kake kaiwa hukuma, harafi ɗaya tak da ya bambanta tsakanin takardar haihuwa da difloma da katin ɗan ƙasa ya isa a dawo maka da komai, kuma gyaran ba na yini ɗaya ba ne, wani lokacin sai an dangana da kotu, kafin ka gama an rufe karɓar takardun konkur, wato jarrabawar gasar neman gurbi, sai baɗi in Allah ya kai mu. Yaro zai rubuta jarrabawar BEPC da suna ɗaya, ya zo ta gaba wato Probatuwar an ƙara masa u a ƙarshe, ba wanda ya kula, sai ranar da ya zo neman aiki abun ya tashi. Malamin da ya tsare yaro ya ce sai ya kawo takardar haihuwarsa an gwada harafi da harafi kafin a tura sunansa, wannan ba nitpicker ba ne, wannan uba ne, Allah ya saka masa da alheri. Haka ranar haihuwa, haka waɗanda aka rubuta musu "né vers", wato an haife shi wajen shekara kaza, a wata takarda, a wata kuma aka sa musu rana da wata.

Haka lambar waya in za ka tura kuɗi ta Orange Money ko MoMo, lamba 9 ce, ɗaya ta kauce kuɗin ya tafi wurin wanda baka taɓa gani ba. Mai kiyos ɗin da ya ce ka sake karanto lambar, ya kuma karanto maka sunan da ya fito kafin ya danna, kar ka yi masa tsaki.

Akwai kuma wanda ya shafe mu kai tsaye saboda muna tsakanin harsuna biyu, shine waƙafi da ɗigo a cikin lissafi. A Faransanci 1,5 ɗaya da rabi ne. A Ingilishi ɗaya da rabi 1.5 ake rubutawa, waƙafin kuma na raba dubbai ne, saboda haka 1,500 a wurin ɗan Bamenda ko ɗan Najeriya dubu ɗaya da ɗari biyar ne, a wurin wanda ya yi makarantar Faransanci kuwa yana iya karanta shi ɗaya da rabi. Ka duba wannan a rahoton kuɗi, ko a odar buhunan masara, ko mafi hatsari a takardar magani inda 0,5 in sifilin da waƙafin basu fito sosai ba za a iya karanta 5, ninki goma kenan a jikin mara lafiya. Kwanan wata ma haka, mu rana muke fara rubutawa sannan wata, Amurkawa wata suke farawa da shi, 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a wurinsu 4 ga Maris. In kana aiki da ƙungiyar da hedikwatarta ke Amurka ka riƙa rubuta sunan watan da haruffa, shikenan ka huta.

Su kansu Turawan da suka ƙirƙiro kalmar sun ɗanɗana. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta tura duniyar Mars, wanda aka kashe wa dala miliyan 125, saboda wata tawaga ta yi lissafi da ma'aunin fam irin na Amurka, ɗayar kuma tana karanta lambobin a ma'aunin mita da kilo. A jihar Maine kuma direbobin wani kamfanin madara sun kai ƙara a kan kuɗin ƙarin lokacin aiki, shari'ar ta rataya a kan waƙafi ɗaya da babu shi a cikin dokar jihar, kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya a 2017, a 2018 aka sasanta a kan dala miliyan 5.

Sai ɗaya ɓangaren, wanda shine ainihin ƙaƙalen. Yaro ya kwana yana rubuta rahoton rabon abinci, lambobin duk sun daidaita, ba buhu ɗaya da ya ɓace, kai kuma abun da ka fara faɗa shine taken bai zauna a tsakiyar shafi ba. An rubuta sanarwar rasuwa a guruf ɗin unguwa, mutane na ta addu'a, wani ya shigo yana gyara cewa ba "jana'iza" ake rubutawa haka ba. Ɗan'uwa ya rubuta Hausa da salon Faransanci, "ina kouana", "sannou", saboda haka aka koya masa haruffa kuma bai taɓa zama ajin Hausa ba ko na rana ɗaya, ka gane abun da yake nufi sarai amma ka bar maganar ka kama rubutun, gobe ba zai sake rubutu da Hausa ba sai ya koma Faransanci, kaga an yi asara. Wannan na ƙarshen yana min ciwo ƙwarai, domin mu nan Hausarmu tana zaune ne tsakanin Fulatanci da Faransanci da Larabcin Shuwa, duk wanda ya daure ya rubuta ta ƙarfafa masa gwiwa ya kamata a yi.

A taro abun ya fi muni. Wani masanin tarihi ɗan Ingila, Cyril Northcote Parkinson, ya yi bayaninsa a 1957 da misalin kwamitin da ya amince da gina tashar nukiliya cikin ƴan mintuna, sannan ya ɓata dogon lokaci yana gardama a kan rumfar ajiye kekuna, dalili kuwa babban abun ba wanda ya fahimce shi sosai sai kowa ya yi shiru, rumfar keke kuwa kowa na da ra'ayi. Duk wanda ya taɓa zama taron ƙungiyar iyayen yara ko na adashe ko na kwamitin masallaci ya san wannan, maganar rufin aji da ke yoyo kafin damina a wuce ta da "Allah ya kawo mafita", a zo launin rigar ƙungiya a kai magariba. In kai ne ke jan taro, ka sa babban batu a farko lokacin da kai ke da sanyi, ka yanka wa ƙananan lokaci, ko ka damƙa su ga mutum biyu su je su yanke su kawo.

To in an faɗa maka fa, me za ka yi? Kar ka amsa nan take, musamman a rubuce. Koma ka karanta gyare-gyaren da ka tura, ka yi musu waccan tambaya ta me zai faru in aka bar abun, ɗaya bayan ɗaya. In ka ga duk na ado ne, ka ce "fair enough", wato na yarda da maganarka, ka bar su, ba a rage maka komai ba. In kuwa akwai guda ɗaya a ciki mai sakamako, ka saki sauran duka ka riƙe shi kaɗai, ka faɗi abun da zai faru ba ƙa'idar da aka karya ba. Kar ka ce "ba haka ake rubutawa ba", ka ce "in muka bar 1,500 a nan, mai duba kuɗi zai iya karanta shi ɗaya da rabi". Mutum yana iya musun ƙa'ida, amma da wuya ya yi musun asara in an nuna masa ita.

In kuma kai ne ke son faɗa wa wani, duba wanda ke gabanka. Sa'anka, wanda kuke shan shayi tare, kana iya ce masa "you're nitpicking" da murmushi ya wuce. Shef ɗinka na wurin aiki kuwa ko wanda ya girme ka, ko da Ingilishi kuke magana, ni ban ba ka shawara ba, tarbiyyarmu bata canzawa don harshe ya canza. Ka bi ta gefe, ka ce "Malam, na ga gyare-gyaren, na gode, wanne ne a ciki kake ganin ya fi gaggawa in fara da shi tunda lokaci ya ƙure?" Ko ka ce "Hajiya, in kin yarda mu fara gama lissafin, sauran zan bi su da daddare." Kaga baka kira kowa mai ƙaƙale ba, amma ka sa shi da kansa ya auna gyaran nasa, kuma sau da yawa zai ce maka ai sauran ba dole ba ne.

Ga wanda Allah ya ba ido mai kama ƙananan kurakurai, kuma baiwa ce ba aibu ba, abun da zai raba ka da sunan nitpicker shine tsari. Fara faɗin abun da ya yi kyau a aikin, da gaske ba na baka ba, ka ambace shi takamaimai. Sannan babban gyara, ɗaya ko biyu. Ƙananan ka tara su wuri ɗaya a ƙarshe ka sa musu suna da kanka, ka ce waɗannan ƙanana ne ba dole ba, irin yadda masu kwamfutar can ke yi. Wanda za ka iya gyarawa da hannunka cikin daƙiƙa biyar ka gyara kawai ka yi shiru, ba sai ka tura saƙo a kansa ba. Ka kula da lokaci, gyaran katin biki kafin a kai wurin bugawa taimako ne, bayan an buga an raba kuwa ɓata rai ne kawai. Kuma ka ja mutum gefe, ko ka bi shi ta saƙon sirri, gyara kayanka baya zama sauke mu raba, amma in a gaban jama'a ka yi shi yana iya zama. Wannan ya shafi gida fiye da ofis ma, yaro ya kawo bultin, wato takardar sakamakon makaranta, da 14 bisa 20 a lissafi, kar kalmar farko ta zama me ya sa tawada ta ɓata gefen takardar. Uwargida ta yi tuwo da miyar kuka ga baƙi cikin zafin Afrilu na Garwa, gishiri ya ɗan yi ƙasa, ka miƙa hannu ka ƙara a kwanonka. Yaron shago mai koyon ɗinki ya haɗa rigarsa ta farko, ka nuna masa wuyan da ya karkace tunda shi mai kaya zai gani, zaren da ya ɗan leƙo ta ciki ka bar shi sai riga ta gaba.

Ranar da za ka kai dosiye kuwa, ko na konkur, ko na fasfo, ko na aikin hajji, ko na makarantar yaro, ranar nan ka nemo wanda duk aka fi sani da ƙaƙale a danginku ko unguwarku, ka shimfiɗa masa takardun duka a tabarma, takardar haihuwa a sama tunda ita ce uwa, ka ce "Yaya, dan Allah bi min su ɗaya-ɗaya." Ya gwada suna harafi da harafi, sunan uba da na uwa, ranar haihuwa da garin haihuwa, ya duba ko timbir, wato kan sarki, ya cika, ko an sa hannu da hatimi a kowane kofi, ko wa'adin wata takarda ya wuce, ko hoton ya yi girman da aka nema. Kar ka katse shi, kar ka ce ai wannan ba komai, kuma ka yi hakan tun saura kamar sati biyu a rufe karɓa, don in ya samo wani abu a samu lokacin komawa meri, wato ofishin magajin gari, a gyara.